Tiyon Birki Mai Saƙar Ƙarfe: Kai, Wannan Kaya Ya Yi!

Jama'a, kafin ku kashe kuɗi a kan sabon rim ko manyan lasifika, ku saurare ni. Akwai wani ɗan ƙaramin kaya da ke ɓoye a bayan taya, ba mai ganinsa, amma ƙafarka za ta gode maka a kansa kullum: tiyon birki mai saƙar ƙarfe. Na kamfanin Goodridge na ɗaura wa Honda Accord ɗina, kuma wallahi abokaina na majalisa sun gaji da jin labarinsa. Ni kuwa ban gaji da bayarwa ba!

Ga inda maganar take. Idan ka taka birki, masta ce ke tura mai ta cikin siraran bututun ƙarfe da ke bin ƙarƙashin mota. Da an zo kusa da taya, dole a sa tiyo mai lanƙwasuwa, domin taya tana hawa tana sauka, ta gaba kuma tana bin sitiyari. Tiyon da mota ke zuwa da shi roba ne mai zare a ciki. Yana sabo, babu laifi. Amma roba roba ce: matsin mai yana sa ta ɗan kumbura, in ta tsufa ta sha zafi kumburin ya ƙaru. Wani kaso na ƙarfin ƙafarka sai ya tafi wajen hura tiyo maimakon matse faifan birki. Shi ya sa a motocinmu na Beljiyam, waɗanda da yawansu sun ba shekara 15 baya da tiyonsu na asali, za ka ji birki kamar kana taka katifa.

Wannan kuwa fa? A cikinsa akwai bututun PTFE, wato Teflon, sinadarin da Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a 1938, wanda man birki ba ya cin sa, zafi ma bai cika damun sa ba. A kansa aka yi saƙa ta siraran wayoyin ƙarfen da ba ya tsatsa, ta ɗaure shi tamau, ba shi da wurin kumbura. Sannan aka lulluɓe saƙar da leda mai kauri. Goodridge ba baƙi ba ne a harkar: tun 1969 suke wannan aiki a Ingila, kuma daga fagen tseren motoci suka taso. Ka riƙe tiyon a hannu ka ga yadda aka matse bakinsa, kai da kanka za ka san masu yin sa sun san hannunsu.

Amma daɗin sai an hau titi. Birki ya dawo sama, ya yi tauri, ya zama mai jin magana. Ka taɓa kaɗan, ya kama kaɗan. Ka ƙara, ya ƙara daidai gwargwado. A cunkoson cikin gari, inda mai adaidaita sahu zai faɗo maka ba sallama, motar tana tsayawa cikin natsuwa, ba wanda zai dungura gaba a kujerar baya. A gangara irin ta Hawan Kibo, inda ake ta taɓa birki ana saki, yadda ka ji shi a sama haka za ka ji shi a ƙasa, muddin manka mai kyau ne. Wannan tabbacin shi ne abin da na saya, kuma ya fi ƙarfin kuɗinsa.

Kada wani ya ruɗe ka cewa tiyo zai rage nisan da mota ke ci kafin ta tsaya. Wannan aikin taya ne da fad. Abin da tiyon ke ba ka shi ne iko: ka san iya abin da ƙafarka ta aika, shi ne ya isa. Ni a wurina wannan ya ishe ni yin guɗa.

To, wanne za ka zaɓa? Ka nemi saitin da aka yi wa motarka takanas, da samfurinta da shekararta, domin tsayi da bakin haɗi da maƙalai sun bambanta. Gajere zai ja idan ka karya sitiyari, dogo zai goga taya. Ka duba shaidar FMVSS 106, ƙa'idar Amurka ta tiyon birki, wadda a cikin gwajinta ake kaɗa tiyo a na'ura awa 35 ba tsayawa, ko kuma shaidar TÜV ta Jamus. Ka ɗauki mai rufin leda, don saƙar da ke tsirara tana tara yashi, yashin ya riƙa cin bututun ciki, ita kanta saƙar kuma tana cinye duk abin da ta goga. Bakin ya zama wanda injin ya matse a masana'anta. Ban da Goodridge, kamfanin HEL, su ma na Ingila, kayansu ba na wasa ba ne. Wanda ba shi da suna ba shi da lamba, komai arharsa, bar shi a kanti. Arha ba ta ado, balle a birki.

Wajen ɗaurawa, ka tsaya a kan bakanikenka. Sababbin washa na jan ƙarfe zai sa, ba tsofaffi ba. Kada ya bar tiyon a murɗe. Kada ya kuskura ya matse shi da filaya yadda aka saba yi wa na roba, domin zai lalata bututun ciki. Ya zuba sabon mai, ya fitar da iska sarai. Idan motarka ta yarda da man DOT 4, shi ya fi: sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, na DOT 3 kuwa 205. DOT 5 na silikon ne, kada ya shiga. Daga nan a karya sitiyari hagu da dama har ƙarshe, a tabbatar babu inda ya taɓa. Duk juyen mai kuma ka leƙa shi, tunda ba ya nuna tsufa a fili kamar roba.

Maki nawa zan ba shi? Goma bisa goma, da ma akwai sha ɗaya! Duk motar da Allah ya hore mini nan gaba, kafin ta ga sabon fenti sai ta ga wannan tiyo.