Wane littafi za ka fara da shi?

Ɗan uwa da ka gama ajin yaƙi da jahilci a Dakoro, ka sani karatu kamar hauya yake, in an jingine shi sai ya yi tsatsa. To, ga shawarata.

Fara da Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Labaransa gajeru ne, kana iya gama ɗaya bayan lisha. Ruwan Bagaja nasa akwai ban dariya, amma in ka gama dariyar Malam Zurƙe, abin da ya rage maka kaɗan ne. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, ya fi shi nauyi. Uwa ce ta bi hanyar hamada neman ɗanta da aka sace, ita ma ta faɗa bauta.

Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi kuwa, kada ka karanta ta a zuci. Rera ta, iyalinka su ji. Tarihi irin na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu sai hannunka ya faɗa, don sunayen sarakuna sun yi yawa a ciki.

In ka ga 'y a littattafan Najeriya, ƴ ɗinmu ne. Allah ya ba da sa'a.