Lissafin zafi ya kamata ya fara daga katangar ƙasa

Wani sabon salo ya shigo koyar da lissafi a jami'o'inmu, kuma ya fi fitowa fili a darasin da ɗalibai ke kira EDP, wato lissafin abubuwan da ke sauyawa ta fuska fiye da ɗaya, daga wuri zuwa wuri kuma daga sa'a zuwa sa'a. Da can malami ne ke cika allo, ɗalibi ya kwafa, ya haddace, ya juye ranar jarrabawa. Yanzu tun makon farko ake kunna kwamfuta, a zuba lissafin cikin manhaja, hoto ya fito: sandar ƙarfe ja a wannan baki, shuɗiya a wancan, launukan suna narkewa cikin juna. Wanda ba shi da kwamfuta sai ya ɗauki hoton tambayar da wayarsa, manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuto masa amsa layi bayan layi. Matasan malamai da yawa suna murna da wannan sauyi, kuma ban ga laifinsu ba, domin tsohuwar hanyar ta kashe wa mutane da dama son lissafi. Sai dai ina ganin an tsallake wani mataki tsakanin allo da kwamfuta, kuma matakin nan mu mutanen Adar, wato yankin Tawa, muna zaune a cikinsa.

Kusan ko'ina a duniya, lissafin yaɗuwar zafi na cikin na farko da ake gabatar wa ɗalibin lisansi a wannan darasi. Abin da yake faɗi ba shi da tsawo. Ka ɗauki wani ɗigo a cikin abu, ko ƙarfe ne ko ƙasa. In maƙwabtansa na dama da hagu, a haɗe, sun fi shi zafi, zai ɗumama. In sun fi shi sanyi, zai huce. Kuma saurin sauyawarsa daidai yake da girman tazarar da ke tsakaninsa da matsakaicin zafinsu. Sauran duka, da jerin Furiye da dabarar raba wuri da lokaci, hanyoyi ne na bin diddigin wannan magana ɗaya. Jozef Furiye, Bafaranshen da ya bi Napoliyon zuwa Masar a 1798, ya miƙa wa masanan Faris aikinsa kan zafi a 1807. Manyan lokacin, musamman Lagiranj, ba su gamsu da jerin nasa ba, kuma littafinsa bai fito ba sai 1822. Cikakkiyar hujjar sharuɗɗan da jerin ke aiki a ƙarƙashinsu ta zo daga masanin lissafi Dirikile a 1829. Tambayar zafi ce ta riga, lissafin ya biyo ta, hujja ta zo daga baya. Mu kuwa mukan fara daga jerin, ko yanzu daga hoton, tambayar kanta ba ma yi wa ɗalibi ita.

A lokacin hutu, ƴaƴanmu da suka tafi karatun kimiyya Yamai ko Maraɗi sukan dawo Tawa, wasu su zo mini da littattafansu. Wani yaro mai hazaƙa ya taɓa nuna mini aikinsa a waya, sandar nan mai launuka, tana motsi gwanin kyau. Muna zaune a zauren ƙasa ne, cikin watan Afrilu, bayan azahar, waje ya haura digiri 40. Na ce masa, "Ɗana, ɗora tafin hannunka a jikin katangar nan." Ya ɗora, ya ce, "Malam, da ɗan sanyi-sanyi." Na ce, "To daga wajenta fa?" Ya fita ya taɓa, ya janye hannu da sauri. Na tambaye shi ƙarfe nawa zafin da ke wajen zai iso ciki, kuma nawa ne zai iso. Ya yi shiru, ya koma duba wayar. Manhajar tana son a ba ta lamba, shi kuma bai san wace lamba zai nema ba, bai ma gane cewa tambayar da na yi masa ita ce darasin da ya ci da maki mai kyau ba.

Amsar kuwa tana cikin lissafin, kuma biro da takarda sun isa. Zafin fuskar katanga yana hawa da rana, ya sauka da dare, kowane awa 24. Wannan hawa da sauka yana kutsawa cikin ƙasar, amma yana raguwa yana kuma makara. In aka ɗauki lambar yaɗuwar zafi da aka saba ba busasshiyar ƙasar gini, wajen rabin milimita murabba'i a daƙiƙa, lissafin zai fitar da wani tsawo na kusan santimita 12. Duk santimita 12 da ka shiga, hawa da saukar zai ragu ya koma kashi ɗaya cikin uku da ƴar ɗoriya, kuma zai makara da kusan awa 4. A ce fuskar waje tana sauyawa da digiri 20 tsakanin rana da dare, katangar kuma kaurinta santimita 36. Abin da zai isa ciki bai wuce digiri ɗaya ba, kuma ƙololuwar zafin ƙarfe uku na rana ba za ta iso ba sai wajen ƙarfe biyu na dare. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san ɗaki yana da daɗi da tsakar rana, ya kuma san daren bazara a tsakar gida ake kwana. Abin da bai sani ba shi ne ana iya fitar da sa'ar a takarda. Kwanon rufi da bai kai milimita ɗaya ba kuwa ba ya jinkirta komai, abin da rana ta ɗora masa nan take yake miƙa wa na ƙarƙashinsa.

Da ka sauya awa 24 zuwa kwana 365, tsawon nan zai ninka sau 19, ya wuce mita biyu. A zurfin mita bakwai, ɗan abin da ya rage na zafin bazara yana makara da rabin shekara, kuma ya yi ƙanƙanta har ba a jin sa. Shi ya sa ruwan rijiya mai zurfi yake kusan yanayi ɗaya shekara duka, mai ɗebo ya ji shi da ɗumi a asubar hunturu, ya ji shi da sanyi a bazara. Ɗalibin tsangayar aikin gona ta Jami'ar Djibo Hamani da ke nan Tawa, jami'ar da aka kafa a 2010, yana buƙatar wannan lissafi kamar yadda ɗalibin fiziks ke buƙatarsa, domin zafin da iri ke samu a cikin ƙasa ta wannan hanya yake tafiya, kuma tun 1855 Adolf Fik ya nuna cewa yaɗuwar gishiri a ruwa ma irin wannan lissafi take bi.

Ba na cewa a rufe kwamfuta. Matsalolin gaske, irin su tanderun masana'antar siminti ta Malbaza ko tarin albasar Galmi a cikin rudu, wato rumbun ajiyarta, inda albasar kanta ke numfashi tana fitar da zafi, ba a warware su da biro. Abin da nake so shi ne ɗalibi ya fara yin aikin kwamfutar da kansa, ko da sau ɗaya. Ga yadda nake yi. In zaunar da yara tara a jere, kowane ɗaya yana wakiltar wani wuri a cikin katanga mai kaurin santimita 40, tsakanin kowane biyu santimita 5. Na farko shi ne fuskar waje, ni ke ba shi lambarsa daidai da sa'a. Kowa na da ƴar takarda. In na tafa hannu, kowane ɗaya daga cikin bakwai na tsakiya ya dubi lambar na damansa da ta na hagunsa, ya haɗa, ya raba biyu, wannan ce sabuwar lambarsa. Tafi ɗaya daidai yake da wajen minti 40 a jikin katangar. Bayan ƴan zagaye za ka ga zafi yana rarrafawa daga wannan baki zuwa wancan, yana ƙanƙancewa. Na taran kuwa ba ya daɗewa sai ya ɗaga hannu: "Malam, ni fa? Ba ni da kowa a hagu." A nan ake tattauna ko ɗakin a rufe yake ko iska na shiga, kuma a nan sharuɗɗan iyaka ke shigowa, waɗanda a allo ɗalibi ke kwafa ba tare da ya san me ya kawo su ba.

Daga nan sai in ce mu yi sauri, mu ninka tsawon lokacin kowane tafi. Ƙa'idar za ta koma: haɗa na dama da na hagu, ka cire naka. Ba a jima ba lambobin suka rikice, wannan ya yi sama sosai, maƙwabcinsa ya faɗi ƙasa da sifili, a zagaye na gaba su yi musaya, abin yana ta ƙaruwa. Yaran kan zaci wani ne ya yi kuskuren tarawa, su sake, abin ya sake faruwa. Hanyar ce ke da iyaka, kuma irin wannan matsala ce ta sa Jon Kirank da Filis Nikolsan suka fitar da tasu dabara a Ingila a 1947. Manhaja takan zaɓa wa ɗalibi matakin da ya dace ba tare da ta gaya masa ba. Ranar da za ta ba shi amsar banza mai kyawun launi, wanda ya taɓa ganin lambobi sun rikice a hannunsa ne zai yi zargi.

Na san abin da malaman jami'a za su ce, kuma gaskiya ne: tsarin LMD, wato lisansi, masta da dokta, ya yanka karatu zango-zango, awoyi sun yi kaɗan, aji ya cika, ga jadawali da dole a ƙare. Amma abin da na zayyana bai wuce zama biyu ba. Akwai kuma masu tsoron cewa kawo katanga da rijiya cikin aji zai sassauta lissafin, a bar hujja a koma labari. Wannan tsoro ina girmama shi, domin ɗalibin lissafi dole ya san dalilin da ya sa amsar take guda ɗaya tak, da dalilin da ya sa wuri mafi zafi ba ya ɓullowa haka kawai a tsakiyar katanga sai dai a gefe ko a farkon lokaci, da dalilin da ya sa ba a iya juya lissafin baya a gano zafin jiya daga na yau cikin aminci. Abin da na gani shi ne ɗalibin da ya zauna a jeren nan ya fi saurin kama waɗannan hujjoji. Ya riga ya san matsakaicin lambobi biyu ba ya wuce babbar cikinsu, don haka in aka kawo ƙa'idar a allo, abin da ya sani ne ake tabbatar masa.

Kuma muna da magabata a wannan hanya. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin fiziks ne da ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ƙasa, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na girki da hasken rana, kuma tun 1964 ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka yana neman a haɗa makaranta da rayuwar jama'a. A nan jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin Yama da ƙasa a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Yana yi mini ciwo a ce masu zanen gini daga ƙasashen waje suna nazarin waɗannan katangu, ɗalibinmu kuma yana koyon zafi a jikin sandar ƙarfen da bai taɓa riƙewa ba. Ma'aunin zafi biyu masu araha, ɗaya ciki ɗaya waje, da ɗaliban da za su yi karɓa-karɓa suna rubuta lamba kowace awa har kwana biyu, sun isa a fitar da lambar ƙasarmu ta Adar maimakon ta littafi. Awon ba zai yi daidai da lissafin ba, domin zafi na shiga ta rufi da ƙofa, kuma ƙasa mai laima ta bambanta da busasshiya. Neman dalilin wannan saɓani ma aiki ne da ya cancanci maki.

Jarrabawa ce za ta nuna ko da gaske muke, tunda abin da ake tambaya shi ɗalibi ke karantawa. In tambayar irin wadda waya ke amsawa cikin daƙiƙa biyar ce, to da waya za a yi shirinta. Ina roƙon abokan aiki su sa ko da tambaya ɗaya mai wannan kama: ga katangar ƙasa mai kaurin santimita 25 tana fuskantar yamma, ƙiyasta sa'ar da cikinta zai fi zafi, ka faɗi abin da ka ƙyale cikin lissafinka, ka kuma faɗi ta wane ɓangare kake zaton awo zai saɓa maka. In fuskar waje ta kai ƙololuwa da ƙarfe huɗu na yamma, ɗalibin da ya fahimta zai ce wajen sha biyun dare, kuma zai ambaci rufi.