Haƙƙin Mawallafi a Zamanin Tura Fim a Waya: Nazarin Ƙudurin Kuwait na 1988

A watan Disamba na 1988 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait ta fitar da ƙuduri mai lamba 43, wanda ya tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da Shari'a ta kare, ba ya halatta a yi mata ta'adi. Hukuncin ya yi daidai da mazhabar Malikiyya, wadda ke lissafa amfani a cikin dukiya. Sai dai an kafa shi ne a kan urfi, wato abin da mutane suka saba ɗauka da daraja, kuma a nan rauninsa yake.

A wancan lokaci kwafa sana'a ce mai buƙatar kaset da na'ura da jari, kamar yadda aka santa a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano. Yau kuwa, a Kamazou da ke kudancin kogin Kaduna, kamar sauran unguwanni, ana tura fim ko waƙa daga waya zuwa waya cikin ɗan lokaci, asalin kuma yana nan a hannun mai shi. Ba a fitar da komai daga ma'ajiya ba, don haka haddin sata bai hau ba. Abin da ya rage shi ne biyan diyya da ta'aziri. Mai turawa zai iya cewa urfin ya sauya, tunda kowa na yi. Ƙudurin bai tanadi amsa ba, alhali malaman usulu sun daɗe da sharɗanta cewa al'adar da ta ci dukiyar wani ba da yardarsa ba ɓatacciya ce. Yardar ita ce ma'auni. Malamin da ya saki tafsirinsa don Allah ya yafe haƙƙinsa, amma yafewarsa ba ta hau kan ɗan fim da ya ci bashi ya yi aiki ba, kuma hadisin da ya hana ɓoye ilimi bai wajabta bayar da shi kyauta ba.

Kamazou, inda Kirista suka fi yawa, ta ƙara fito da wata mas'ala da ɗalibai kan tsallake: waƙar mawaƙin coci ma dukiya ce mai alfarma, haramcinta a kan Musulmi ɗaya ne da na littafin malaminsa.

'Yan Kannywood ba su jira fatawa ba. Sun koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So, kallo kyauta, kuɗi daga talla. Wannan ma ciniki ne sabo da ke jiran hukunci, domin mai shirin ba shi ke zaɓar kowace tallar da ake ɗora masa ba.