Gwanin da ke raɗa wa kuskure suna

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Katsina ya tsaya a Kankiya zai ga rumfunan masu POS a bakin hanya, haka kuma a cikin garin Kusada. Sana'ar ta ƙara kafuwa ne a ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da mai shayi da mahauci da dillalin awaki suka koyi karɓar taransifa ba don suna so ba. Wanda ya daɗe a rumfar ya haddace wasu lambobi ba tare da kowa ya zaunar da shi a aji ba. In rasit ya fito da 00, kuɗi sun wuce. In 51 ce, sai ka ji ya sassauta murya ya ce, "Baba, abin da ke ciki bai kai ba, ko a rage?" In 55 ce, lambar sirri aka yi kuskure, a sake dannawa a hankali. In kuwa 91 ta fito, fuskarsa ma canzawa take yi: "Hajiya, bankinku ne bai amsa ba. Kar mu sake sa katin yanzu, a ɗan dakata mu ga ko alat zai shigo."

Lambobin nan sun samo asali ne daga wani ƙa'idajjen tsarin saƙonnin katin banki da ake kira ISO 8583, wanda ya fara fitowa a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Katsina. Wasu mutane ne suka zauna suka yi tunanin duk hanyoyin da ciniki zai iya lalacewa, suka ware kowace hanya, suka ba ta lambarta. Albarkacin wannan zaman ne yaro a Kusada yake iya gaya wa tsohuwa abin da za ta yi a cikin daƙiƙa biyu.

Akwai irin wannan gwaninta a wajen masu rubuta manhajojin intanet, kuma ita ce nake ganin ta fi raba ƙwararre da ɗan koyo. Kowa zai iya gina shafin da ke aiki ranar da sabis ya cika kuma mai amfani bai yi kuskure ko ɗaya ba. Gwani shi ne wanda ya tsara abin da zai faru ranar da abubuwa suka ƙi.

Ga yadda abin yake a ciki. Idan ɗalibi ya danna maɓallin biyan kuɗin makaranta a wayarsa, buƙatar tana tafiya wajen wata kwamfuta mai nisa da ake kira saba. A can aikin hawa-hawa ne: wani sashe ya karɓi buƙatar, ya miƙa wa mai duba ko ɗalibin na cikin rajista, shi kuma ya miƙa wa mai magana da banki, sannan mai rubutawa a rumbun bayanai. A da, in sashen can na ƙasa ya gamu da matsala, wata lamba kawai yake mayarwa, sau da yawa -1, kuma in na samansa ya manta bai duba ba, aiki ya ci gaba a kan ɓarna. A 1975 John Goodenough ya wallafa wata maƙala da ta tsara wata hanya daban, kuma a cikin shekarun nan ne Barbara Liskov da ɗalibanta a jami'ar MIT ta Amurka suka saka irin tsarin a harshen kwamfuta na CLU. Dabarar ita ce sashen da ya ga matsala ya tsaya cak, ya jefa kuskuren sama. Kuskuren zai yi ta hawa har ya iske wanda ya shirya cafe shi. In ba wanda ya cafe, aikin ya tsaya gaba ɗaya, wanda ya fi a ci gaba a makance. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Harsunan kwamfuta irin su Python da Java da PHP da JavaScript duk a kan wannan suke tafiya yau.

Kowane harshe yana zuwa da kuskurensa na gama-gari, a Python sunansa Exception, a JavaScript kuma Error. Ɗan koyo shi yake jefawa a ko'ina, shi ya sa shafinsa ba ya da abin faɗa sai cewa an samu matsala, a sake gwadawa. Daidai yake da ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ya duba majinyaci ya rubuta "ba shi da lafiya" a kati ya ajiye biro. Gaskiya ya rubuta, amma ba wanda zai iya ba da magani da ita.

Gwani kuwa zuri'a yake ginawa. Daga wancan kuskure na gama-gari zai fitar da nasa, ya raɗa masa suna, a ce KuskurenBiya. Daga shi kuma ya fitar da 'ya'ya masu gadon halayensa: KudiBaSuIsaBa, AnRigaAnBiya, DalibiBaYaRajista, BankiBaiAmsaBa. Kwamfuta ba ruwanta da harshen da aka raɗa sunan, Hausa ma ta karɓa. Kuma kowane ɗa yana tafe da kayansa: lambar cinikin, adadin kuɗin, lokacin da abin ya faru, da kuma alamar ko ya halatta a sake gwadawa. Amfanin gadon shi ne sashen da ke sama yana da zaɓi. In ya ce zai cafe uban, duk 'ya'yan sun shigo hannunsa. In kuma ɗa ɗaya ne yake da abin yi a kansa, ya cafe shi kaɗai ya bar sauran su wuce gaba.

A cikin 'ya'yan nan, BankiBaiAmsaBa ne zakaran gwajin dafi. Ana cewa shiru ma amsa ce, amma ban da a nan. Manhaja ta aika wa banki saƙo a cire naira dubu ashirin, ta jira daƙiƙa talatin, ba ta ji komai ba. Wataƙila saƙon bai isa ba. Wataƙila ya isa, an cire kuɗin, amsar ce ta ɓace a hanyar dawowa. Daga inda manhajar take, waɗannan biyun kamanninsu ɗaya. Wanda bai ƙware ba zai haɗa wannan da sauran kurakurai ya ce biya bai yiwu ba, ɗalibi ya sake dannawa, a cire dubu arba'in daga asusun mahaifin da ya sayar da buhun gero kafin ya haɗa ashirin ɗin. Daga nan sai zarya zuwa banki da cike fom. Babban Bankin Najeriya ya kafa ƙa'ida a 2020 cewa a mayar da kuɗin cinikin POS ko na intanet da ya lalace cikin awa 72, amma kwana uku ba kaɗan ba ne ga wanda za a rufe masa rajista gobe.

Ƙwararre ya san cewa halin ciniki uku ne: ya yiwu, bai yiwu ba, ko ba a sani ba tukuna. Saboda haka wannan kuskuren shi kaɗai yake bi da shi ta wata hanya. Tun kafin ya aika saƙon farko ya riga ya ba cinikin lamba tasa ta kansa ya ajiye. Da shiru ya yi yawa sai ya rubuta cewa cinikin yana jira, ya kulle maɓallin, ya gaya wa ɗalibi kada ya sake biya, ya ba shi lambar ya riƙe. A bayan fage manhajar za ta riƙa komawa tana tambayar banki labarin wannan lambar, tana ƙara tazara tsakanin tambaya da tambaya don kada ta ƙara wa sabar da ta riga ta jigata nauyi. Ko da buƙatar ta sake zuwa da lambar nan, ba za a cire kuɗi sau biyu ba, sai dai a jefa AnRigaAnBiya. Duk wannan ba zai yiwu ba in da shirun banki da ƙarancin kuɗi suna ɗaya suke amsawa.

Wani abin burgewa shi ne gwani ba ya warwatsa maganin kurakurai a ko'ina cikin manhaja. Ƙofa ɗaya yake yi a can sama, duk abin da aka jefa ta nan zai bi, a can ake fassara shi zuwa lambobin da intanet ta sani. Abin da aka nema babu shi, 404. Ba ka shiga da sunanka ba, 401. Ka shiga amma ba huruminka ba ne, 403. Ka zo da abin da ya ci karo da wanda ke akwai, 409. Wani da muke dogara da shi ya kwanta, 503. Ita kuwa 500 ajiye ta ake yi don abin da ba a yi tsammani ba, wato laifin mai ginin ne. A wannan ƙofar kuskure yake rabuwa biyu. Mai amfani ya samu jimla ɗaya mai sauƙi da ke gaya masa mataki na gaba, kuma tun da saƙonnin a wuri ɗaya suke, mayar da su Hausa aikin yini ɗaya ne, abin da ya kamata masu gina shafukan makarantu da asibitocinmu su riƙa yi. Cikakken bayanin kuma, da layin da abin ya fashe da asalin kuskuren da ya haifi wannan, ya tafi rajistar saba inda injiniya kaɗai zai gani. Zuba wa jama'a wannan bayanin a allo nuna wa ɓarawo taswirar gida ne. Shi ya sa ma shafi mai hankali ba ya faɗa maka ko sunan ne ba daidai ba ko kalmar sirrin, sai ya ce ɗaya daga ciki.

Mafi munin aiki shi ne a cafe kuskure a haɗiye, ba a rubuta ba, ba a faɗa wa kowa ba. Shafi zai yi kyau a ido, sai ƙarshen zango akawu ya ga lissafi ya ƙi haɗuwa. Amma yi wa kowane kuskure magani ɗaya shi ma yana da nasa tarihin. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta na farko daga tashar harba roka ta Kourou. Wata lamba ce ta yi girman da ma'ajinta ba zai ɗauka ba, a cikin wani sashen manhaja da aka gado daga rokar da ta gabace ta, Ariane 4, wanda ba shi da sauran amfani bayan tashi. Tsarin da aka yi shi ne duk kuskuren da ya taso a ɗauka na'ura ce ta lalace, a kashe ta a koma kan ta ko-ta-kwana. Ita ma ta ko-ta-kwanan manhaja iri ɗaya take ɗauke da ita, ta riga ta kashe kanta a kan wannan dalilin.

Ana kuma iya wuce gona da iri. Akwai masu raɗa suna ɗari, kowane ƙaramin abu da nasa, har mai gyara ya rasa inda zai kama. Ma'aunin da na fi yarda da shi: kada a haifi sabon suna sai in akwai wanda zai yi wani abu daban saboda jin sa, ko mai amfani ko wani sashen manhajar. Harshen Go da Google ya fitar a 2009 ma bai ɗauki jifa da cafewa a matsayin hanyar yau da kullum ba, kuskure yake mayarwa hannu da hannu a duba nan take, amma masu rubutu da shi ba su tsira daga wannan aikin na warewa ba.

Kafin gwani ya miƙa aiki, da gangan yake lalata shi. Zai rubuta gwaje-gwajen da ke kwaikwayon banki ya yi shiru, ko ya amsa da shirme, ko ya amsa bayan an daina jira. Sannan ya ɗauki ƙaramar waya, ya danna biya, ya kashe data a tsakiya, ya kunna, ya danna sau uku a jere kamar yadda mutum ke yi in ransa ya ɓaci. Daga nan ya buɗe rumbun bayanai ya ƙirga layukan da cinikin ya bari. In ya tarar da fiye da ɗaya, ya koma kan KuskurenBiya da 'ya'yansa ya nemo wanda aka cafe a inda bai dace ba.