Rami, huda, gurbi: gyara ga yadda muke fassara su da « trou »

A cikin ayyukan ɗalibanmu, har da namu mu malamai, an saba a jera rami, huda, kafa, gurbi da kogo, a sa musu « trou » gaba ɗaya, sai a ƙara « petit » ko « grand ». Wannan rabo ne bisa girma, alhali ba girma Hausa ke dubawa ba.

Mu ɗauki misali daga gonakin tattasai na Assaga, kusa da Diffa, a bakin Komadugu, inda Kanuri ne harshen gida, Hausa kuma ta kasuwa ce. In tiyon ban ruwa yana yoyo, za a ce:

(1) Tiyo ya huje.
(2) *Tiyo ya yi rami.

Jimla ta (2) ba ta karɓuwa, ko da ɓarnar ta kai tafin hannu. Dalili shi ne huda tana ɓullewa ɗaya gefen, rami kuwa yana da gindi. Shi ya sa ake hudar kunne amma ake haƙa rami, kuma karin maganar nan ta mai gina ramin mugunta ba ta da ma'ana sai in akwai ƙasan da za a faɗa.

Gurbi ya fi wuya. Shi ma yana da gindi, amma ba zurfi ke sa a kira shi gurbi ba: wuri ne da aka tanada don wani abu ya zauna, kamar dashen tattasai ko ƙwan kaza. Daga nan « maye gurbi » da « cike gurbi » suka fito. Wanda aka koya wa gurbi = « petit trou » ba zai taɓa gane yadda sabon ma'aikaci ke maye gurbin tsoho ba. Haka kafa: mashiga ce ƙarama, ta allura ko ta hanci, shi ya sa ta ba mu « kafofin watsa labarai ». (Masu buga mana takardu da ke zubar da lanƙwasar ƙ suna mayar da ƙafa kafa, wannan wata matsala ce.)

Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tara kalmomi masu makusanciyar ma'ana da yawa, amma tarawa ba rarrabewa ba ce. A ganinmu, duk ƙamus na Hausa da Faransanci da za a ba ɗan Assaga ya kamata ya amsa tambayoyi uku ga kowace kalma: ta ɓulle ko tana da gindi? da niyya aka yi ta, kamar ƙofa da taga, ko aibi ce, kamar ɓula da tsaga? kuma wane aikatau ke tafiya da ita?