Masu tsinkar magarya da masu yi mata aure

Magarya ba ta sakin 'ya'yanta ga mai gaggawa. A gindin kowane ganye ƙaya biyu ce, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya lanƙwasasshiya. Ta farkon tana tarbar hannu in zai shiga, ta biyun tana riƙe shi in zai fita. Nan da nan ake gane baƙo a wannan aiki: zai cusa hannu ya finciko, ya koma gefe yana tsotsar yatsa, 'ya'yan ma ɗanyu.

Matan karkara da yara makiyaya da suka saba, daban suke yi. Idan hunturu ya kankama, ganye ya fara kaɗewa, mace za ta iso da sanda mai ƙugiya da tsohon buhu. Kafin ta matsa sai ta bubbuga gindin, don maciji ma yana son irin wannan duhuwa. Ta shimfiɗa buhun, ta saƙalo reshe, ta girgiza shi a hankali. Ba ta makar itacen. Wanda ya nuna zai zubo da kansa, wanda bai kai ba ta bar shi sai wani mako. Daga nan sai tsinta, kuma a nan gwanintar take. Kore bauri ne. Mai ruwan ɗorawa da sauransa. Wanda ya yi jajajir ya ɗan yamutse, shi ne zaƙi ya zauna masa. In ta hango ɗan ɗigon huji a bayansa ba ta ko fasawa, ta san tsutsa ta riga ta. Ta kuma san itatuwan dajinsu ɗaya bayan ɗaya, wacce ke da zaƙi, wacce ƙwallo ne kawai da ɓawo, har takan wuce biyar don ta isa ta shidan. Wannan sani ba a littafi yake ba, kuma ban ga dalilin raina shi ba.

A gida a shanya, a daka sama-sama don kada ƙwallon ya fashe ya ɓata gari, a tankaɗe. A arewacin Kamaru ana cura garin a turara shi, abin da Fulanin can ke kira yaabande. Ganyen kuwa kowa ya san matsayinsa a wurinmu, tun daga magani har zuwa wankan mamaci.

Gwaninta ta biyu sabuwa ce. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, wani masani ɗan Isra'ila mai suna Dov Pasternak da abokan aikinsa sun yaɗa ire-iren magarya da aka inganta a Indiya, irin su Gola da Seb da Umran. 'Ya'yansu sun ninka na daji girma sau da yawa, ga ruwa, ga ƙaras-ƙaras a baki, shi ya sa aka laƙaba musu tuffar Sahel. Dabarar ita ce aure, yadda ake yi wa mangwaro. Saiwar magaryar gida ta riga ta nutsa ƙasa, ta saba da fari, sai a ɗora mata kan baƙuwa.

Dubi hannun mai wannan sana'a. Yakan sare tsohon itace ya jira toho, ya zaɓi reshe mai kaurin fensir, ya tsaga shi da wuƙa mai kaifi. Sai ya fere ɗan reshen da ya yanko daga ingantacciyar, ta fuska biyu, da yanka ɗaya ɗaya, ba ya goga. Ya zura shi a tsagar yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo ko da ta gefe guda, domin a ƙarƙashin ɓawon ne rai yake gudana. Ya naɗe da leda tsam, iska ba ta shiga, ruwa ba ya shiga. In ya kama, cikin 'yan makonni za a ga ido ya buɗe.

Inda da yawa ke faɗuwa shi ne bayan nan. Uwar, wato magaryar gidan da aka ɗora wa baƙuwa, ba ta haƙura, kullum tana fito da tohonta a ƙasan ɗaurin, kuma in an ƙyale shi zai shanye abincin ya kashe auren. Dole a riƙa ɓalle shi. Awaki kuma sai an yi musu shinge, da rassan da aka sare daga jikinta ma ya isa. Sannan duk bazara a yi mata aski sosai ba tare da tausayi ba, saboda a sabon reshe take yin 'ya'ya.

Manoman Maraɗi da suka rungumi sassaben zamani, wato renon tohon kututture maimakon ƙone shi, tun shekarun 1980 sun nuna cewa kututturen da ke gona dukiya ne. Don haka manomi, in ka tarar da magarya a gonarka lokacin sharar bana, kada ka tara mata kara ka cinna wuta. Rage mata rassa, ka bar biyu ko uku masu ƙarfi, ka nemo wanda ya iya aure a yankinku ya koya maka.