Kullen gona da gajiyar da ba a auna ba

Tun daga annobar korona ta 2020 ake rubutu a Turai da Amurka kan ma'aikacin da ke raba mako tsakanin gida da ofis, da nauyin da hakan ke ɗora wa mata fiye da maza. Matar karkarar Mayahi ko Tasawa ta riga su sanin wannan rabo. Gandun maigida na da kwanakinsa, gamanarta na da nata, ga daka da ɗiban ruwa, ga ƙuliƙulin da ƴarta za ta kai talla.

A wannan mahalli ya kamata a sake karanta nazarin da Marthe Doka da Marie Monimart suka fitar a 2004 ta hannun cibiyar IIED ta Landan, kan yadda ake janye mata daga noma a kudancin Nijar. Ƙarfinsa yana wurin da ya tone asalin kullen gona. Da jama'a suka yawaita, gonaki suka tsuke, sai aka ce wa mace ta huta a gida. Marubutan sun nuna cewa hutun suna ne kawai: an karɓe gamana, aka lulluɓe rashin da mayafin addini da na daraja. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna wata fuskar, inda wasu matan suka ɗauki barin gona a matsayin ɗaukaka, domin noman mace yana tuna zamanin bauta. Sai an haɗa biyun ake gane abin da ya sa wadda aka tauye ba ta faye kuka ba.

Raunin nazarin shi ne ya auna ƙasa, ya bar zuciya. Wadda mijinta ya tafi cin rani Kano ko Libiya, rumbu a rufe, ina take kai damuwarta? Jacqueline Monfouga-Nicolas ta samo amsa a wurin bori tun 1972. Daga 1991 kuwa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da CARE ta soma a jihar Maraɗi, suka buɗe wata ƙofar. Rahotanni sun fi ƙirga kuɗin asusun. Amma zaman nan na mako-mako a kan tabarma, inda mace ke da hujjar fita da kuma mai saurarenta, bai samu mai nazarinsa yadda ya cancanta ba.